Yadda Ake Shirya Gasar Kacici-kacici Ba Tare Da An Tashi Baram-baram Ba

Na taɓa zama cikin 'yan kallo a wata gasar kacici-kacici ta makarantun sakandare. An zo zagayen ƙarshe, ƙungiyoyi biyu suka yi kunnen doki, sai mai tambaya ya ɗaga takarda ya ce, "Wace ƙasa ce ta fi kowace girma a nahiyar Afirka?" Wani yaro siriri, wanda tun safe shi ke ɗauke da ƙungiyarsu, ya miƙe ya ce Aljeriya. Mai tambaya ya duba takarda ya girgiza kai, ya miƙa tambayar ga ɗaya ɓangaren, suka ce Sudan, aka ba su maki, aka tafa. Yaron ya tsaya riƙe da bakin tebur yana cewa, "Malam, ai an raba Sudan," ba wanda ya saurare shi. Kuma shi ne da gaskiya. Tun ranar 9 ga Yulin 2011 da Sudan ta Kudu ta ɓalle, Aljeriya ce kan gaba. Wanda ya rubuta tambayar daga tsohon littafi ya kwaso ta. Har aka watse yaron nan bai ƙara buɗe baki ba, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Tun daga ranar na gane cewa mafi yawan aikin gasa yana ƙarewa ne tun kafin a jera kujeru. Kofi da lasifika da babban baƙo duk ado ne, tambayoyin su ne gasar. Ga yadda nake bi in an ɗora mini shirya ta, ko a makaranta, ko a ƙungiyar matasan unguwa, ko a Islamiyya lokacin walima.

Mataki na farko: san waɗanda za su fafata

Kafin ka rubuta ko da tambaya guda, zauna ka amsa wa kanka: su wane ne za su zauna a teburin? 'Yan aji shida na firamare, ko 'yan babbar sakandare, ko manya masu sana'a da suka bar aji shekara ashirin? Da Hausa za a yi ko za a haɗa da wani harshe? Ƙungiya nawa?

Ƙungiya shida, kowace da mutum uku, shi ya fi yi mini daidai. In sun wuce haka sai wasu su yi ta hamma kafin layi ya zo kansu. In kana da fanni biyar, wato tarihi da adabi da wasan kwaikwayo da kimiyya da labarin ƙasa, kuma kowace ƙungiya za ta sha tambaya biyu a kowane fanni, tambaya sittin ke nan. Kowace tana cin wajen minti ɗaya in an haɗa da karantawa da jira da rubuta maki, don haka gasar kanta za ta ɗan haura awa guda. Amma kada ka tanadi sittin cif. Tanadi ɗari. Wasu za ka zubar da su a wajen tacewa, wasu kuma za ka ajiye don raba gardama.

Mataki na biyu: tattara tambayoyi, fanni-fanni

Nemi littafin rubutu mai kauri, ka ware wa kowane fanni shafukansa. A kowace tambaya ka rubuta abu uku: tambayar, amsar, da inda ka samo ta. Na ukun nan shi mutane ke wa kasala, alhali shi ne zai cece ka ranar da wani malami ya taso maka da gardama.

A fannin tarihi ka fara daga gida, sannan ka faɗaɗa. Ƙasar Hausa cike take da abubuwan da ke da tabbataccen lokaci. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta a 1754, ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, a shekarar aka yi yaƙin Tafkin Kwatto, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, ya rasu a Sakkwato a 1817. Kabarin Muhammadu Bello a Wurno yake, kuma wannan tambaya ce mai daɗi domin da yawa za su yi saurin cewa Sakkwato. Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, a shekarar kuma Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. An haɗe Kudu da Arewa a 1914. Nijar ta samu mulkin kai ranar 3 ga Agustan 1960, Nijeriya ranar 1 ga Oktoba ta wannan shekarar, Gana kuwa ta riga su tun 6 ga Maris 1957. Kafin Yamai, Damagaram ce hedikwatar Nijar, a 1926 aka mayar. Daga nan sai ka leƙa waje: aikin hajjin Mansa Musa na Mali a 1324, ko yaƙin duniya na biyu daga 1939 zuwa 1945, wanda kakannin wasu daga cikin masu fafatawar suka je har ƙasar Bama da ke nahiyar Asiya saboda shi.

Abin da nake gudu a tarihi shi ne gasar ta koma haddar shekaru. In tambaya goma duk "a wace shekara" ce, wanda ya fi hadda ne zai ci, 'yan kallo kuma ba za su tafi da komai ba. Ka cakuɗa su da "wa", da "ina", da "me ya sa". Maimakon a wace shekara aka ci Kano, tambayi wane sarki ke kan karaga lokacin. Amsar ita ce Sarki Alu, wanda ba ya cikin birnin ranar, ya tafi Sakkwato, daga baya Turawa suka tsare shi a Lakwaja har ya rasu. Ka ga amsa guda ta jawo labari, kuma ta buɗe maka ƙofar wata tambayar a labarin ƙasa, tunda a Lakwaja ne Kwara da Binuwai suka haɗu.

Adabi shi ne fannin da na fi jin daɗin shiryawa, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Gasar rubutun ƙagaggun labarai da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita kaɗai za ta ba ka tambaya biyar, domin daga cikinta aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin. Yara da yawa sun san Tafawa Ɓalewa a matsayin firayim minista, ba su san ya rubuta littafi ba, kuma in aka faɗi amsar za ka ji zauren ya ɗauki guna-guni na mamaki. Wannan guna-gunin shi nake nema a kowace gasa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, Abubakar Imam ne editanta na farko. Ga rubutattun waƙoƙi: Nana Asma'u da tsarinta na 'Yan Taru, Aliyu Namangi makahon malamin Zazzau mai Imfiraji, Sa'adu Zungur, Mu'azu Haɗeja, Aƙilu Aliyu. Ga makaɗan baka da kayan kiɗansu: Shata da kalangu, Ɗan Maraya Jos da kuntigi, Narambaɗa da kotso. Kada ka manta karin magana. Ka faɗi rabin farko a cika maka, ko ka faɗi ma'ana a kawo karin maganar da ta dace. A waje kuma, Wole Soyinka ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1986, shi ne ɗan Afirka baƙar fata na farko da ya samu, Najib Mahfuz na Masar ya biyo baya a 1988.

Wasan kwaikwayo kuwa, masu shirya gasa kan ɗauka ba shi da abin tambaya sai sunayen 'yan fim. Ai tun kafin kamara Bahaushe yana da dandalinsa. Tashe yana farawa in azumi ya kai kwana goma. Nalako shi ne sarkin gwagware a Kano. Wasan gauta a fada ake yinsa, inda ake kwaikwayon sarki da hakimansa, kalankuwa kuma ta samari da 'yan mata ce bayan an kawar da amfanin gona. A rubutattun wasanni akwai Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. An mayar da Shehu Umar fim a 1976 a hannun Adamu Halilu. Usman Baba Pategi shi ne Samanja, tambayar da iyaye za su amsa a ransu tun kafin yara su buɗe baki. In za ka taɓa na ƙetare, Shakespeare ya rayu daga 1564 zuwa 1616, gidan wasan da aka fi saninsa da shi a Landan kuma sunansa Globe. Tambaya ɗaya ko biyu a kansa sun isa.

A kimiyya ka fi karkata ga abin da mutum ke iya gani a rayuwarsa. Ƙashi 206 ne a jikin baligi. Macen sauro ce ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, namijin ruwan furanni yake sha. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, kuma wannan tambaya na sa ta da gangan a duk gasar matasa, don wanda bai ci maki ba ma ya tafi gida da abin da zai amfane shi. Hasken rana yana ɗaukar minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya iso mu. Shekarar wata ta gaza ta rana da wajen kwana goma sha ɗaya, shi ya sa azumi ke zagayawa daga bazara zuwa hunturu. Kaso 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, oksijin kaso 21 ne kawai, kuma kusan kullum sai an faɗa wannan ramin. Ɗan Adam ya taka wata a Yulin 1969. Kalmar aljabra daga sunan littafin Alkhawarizmi ta fito, malamin da ya yi aiki a Bagadaza.

Labarin ƙasa shi ya fi sauƙin samun tambaya. Tafkin Chadi ya haɗa Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Kogin Kwara daga tsaunukan Gini ya taso. Farin Nilu da Shuɗin Nilu a Khartum suka haɗu. Kilimanjaro a Tanzaniya yake, tsayinsa mita 5,895. Jihar Neja ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Nijeriya, Kano kuma ta fi kowace yawan ƙananan hukumomi, tana da 44 cikin 774. A ƙauyen Dufuna na jihar Yobe aka tono wani kwalekwale a 1987 wanda ya kai wajen shekara dubu takwas. In kana da taswira marar rubutu, kafa ta a allo ka ce a nuna maka Agadas ko Maiduguri da sanda. Wannan zagayen yana tayar da zaure daga gyangyaɗi.

Mataki na uku: tace su ɗaya bayan ɗaya

Nan ne aikin yake, kuma nan nake so ka fi daɗewa. Ka bar littafin ya kwana biyu, sannan ka dawo masa kamar abokin gaba. Kowace tambaya ka tuhume ta.

Tuhuma ta farko: amsar nan ta sauya tun da aka buga littafin da na samo ta? Abin da ya faru da yaron Aljeriya ke nan. Duniyoyin da ke zagaya rana tara ne a tsofaffin littattafai, amma tun 2006 masana suka cire Fuluto daga jerin, suka koma takwas. Tsayin Everest an daɗe ana rubuta mita 8,848, a 2020 Nepal da Sin suka sanar da sabon awo da ya kai 8,849. Jihohin Nijeriya sun tashi daga 12 a 1967 zuwa 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996, don haka garin da littafi ya ce yana jihar Kano wataƙila yau yana Jigawa, na Sakkwato yana Kebbi ko Zamfara. Duk tambayar da ta shafi mai riƙe da muƙami a yanzu, ka sake duba ta a daren gasar.

Tuhuma ta biyu: amsa ɗaya ce tak, ko akwai wata da ita ma daidai ce? "Wane ne shugaban Nijeriya na farko?" tambaya ce da ta sha haddasa faɗa. Wani zai ce Tafawa Ɓalewa, domin shi ke riƙe da gwamnati a 1960. Wani zai ce Nnamdi Azikiwe, domin shi ya fara amsa sunan shugaban ƙasa a 1963. Wani zai ce Shehu Shagari, domin shi ne zaɓaɓɓen shugaba mai cikakken iko na farko a 1979. Dukansu suna da hujja. Gyaran mai sauƙi ne: ka ce firayim minista na farko, ko ka ce wanda ya zama shugaban ƙasa da aka koma jamhuriya a 1963. Haka nan "a maki nawa ruwa ke tafasa?" Ɗari ne a daidai gaɓar teku, amma a kan tsaunin Jos yana tafasa kafin ya kai haka, kuma wata rana za ka gamu da ɗalibar da ta san wannan. Ƙara kalma huɗu a tambayar ka huta.

Tuhuma ta uku: masana sun yi ittifaƙi a kai? Hausa Bakwai za ka iya tambaya hankali kwance, Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram. Banza Bakwai kuwa jerin ya bambanta daga littafi zuwa littafi, ga shi kuma sunan kansa yana sosa ran mutanen da aka lissafa a ciki, sai ka bar shi. Zamanin Sarauniya Amina ma akwai saɓani a kan ƙarnin da ta rayu. Ka tambayi garinta, ko ganuwar da ake jingina mata, ka ƙyale shekara. Labarin Bayajida kuma in za ka taɓa shi, ka fara da "a labarin da aka gada", sannan ka tambayi sunan rijiyar, Kusugu.

Tuhuma ta huɗu ta shafi mutunci. Akwai tambayar da muka gada daga tsofaffin littattafan makaranta: wa ya gano kogin Kwara? A ce Mungo Park. To Sarkawa da Nufawa da Zabarmawa da suka shekara aru-aru suna su a cikinsa fa? Ni ba na yarda ta shiga gasata da wannan lafazin. In ana son ta, sai a ce wane Bature ne ya isa bakin kogin a 1796, ya kuma mutu a Busa a tafiyarsa ta biyu. Haka duk tambayar da za ta sa wani a zauren ya sunkuyar da kai saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garinsu, ka soke ta ko da amsarta daidai ce.

Bayan wannan, kowace amsa ka tabbatar da ita a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Shafuka goma na intanet da suka kwashe daga wuri ɗaya shaida ɗaya ce. Saƙonnin da ake turawa a WhatsApp masu taken abubuwan mamaki kuwa, kada ka ɗauki ko guda sai ka gan ta a littafin kirki. Sannan ka kai wa malamin fannin ya duba, kowa da nasa, amma ba malamin da ɗalibansa za su shiga gasar ba. Ba don ana zarginsa ba, don a rufe bakin masu zargi.

Mataki na huɗu: jera su bisa nauyi

Ka yi wa kowace tambaya alama: mai sauƙi, matsakaiciya, mai wuya. Zagayen farko ya zama mai sauƙi, yadda kowace ƙungiya za ta samu abin da za ta rubuta a allo. Ƙungiyar da ta fara da sifili sau uku a jere gwiwarta ta yi sanyi ke nan. Abu mafi muhimmanci shi ne tambayoyin zagaye guda su yi nauyi ɗaya. Zalunci ne a tambayi wannan babban birnin Gana, a tambayi na kusa da shi tsayin Kilimanjaro, a ba su maki iri ɗaya. Ka gwada su a kan mutum biyu ko uku masu irin matakin masu fafatawar, daga wani wuri dabam. Wadda kowa ya amsa kafin ka gama karantawa ta yi arha, wadda ba wanda ya ko kusanta ta yi tsada, sai dai ka ajiye ta a raba gardama.

Rubuta kowace a ƙaramar takarda da lamba, ka sa na kowane zagaye a ambulan ɗinsa ka liƙe. Ranar gasa ƙungiya ce za ta zaɓi lamba da bakinta, don kada a ce an ware wa wasu masu sauƙi.

Mataki na biyar: dokoki a rubuce

Shafi ɗaya ya isa, a raba wa kowace ƙungiya mako guda kafin ranar, a kuma karanta a bainar jama'a kafin a fara. Amsa daidai maki biyu. Daƙiƙa ashirin na shawara, in ta lissafi ce talatin. Amsar farko da ta fito daga bakin mai magana da yawun ƙungiya ita ce amsa, ba gyara. In an kasa, tambayar ta wuce ga ƙungiya ta gaba a matsayin garaɓasa, maki ɗaya, ba ƙarin lokaci. In amsa ta fito daga cikin 'yan kallo an soke tambayar, a ciro wata daga ajiya. Waya kuwa a tattara ta a kwali tun daga ƙofa.

Ka yanke tun yanzu yadda za a yi da rabin amsa. In an ce "Imam" kawai, ya wadatar ko sai an cika suna? In an ce Zinder maimakon Damagaram, ko kogin Neja maimakon Kwara? Duk sunayen da za ka karɓa ka rubuta su a gefen amsar, kada mai tambaya ya tsaya yana waige-waige.

Dokar da na fi ba muhimmanci ita ce ta ƙorafi. Kowace ƙungiya tana da damar ɗaga hannu sau biyu ta ce ba ta yarda da hukunci ba. Sai a dakata, alƙalai su duba littafin nan mai inda aka samo amsa, su saurari hujjar yaron. In yana da gaskiya a ba shi makinsa a fili, a kuma yaba masa. Da akwai wannan dokar a gasar da na ba da labari, da minti biyu sun isa a gyara.

Mataki na shida: mutanen da za su riƙe gasar

Mutum shida kake buƙata: mai tambaya, mai agogo da ƙararrawa, mai rubuta maki a allo inda kowa ke gani, da alƙalai uku don kada ra'ayi ya rabu biyu daidai. Ka sa wani daga cikin alƙalan ya riƙa rubuta maki a takarda shi ma, a riƙa gwadawa da na allo a ƙarshen kowane zagaye.

Mai tambaya shi ne ran taron. Ka zaɓi mai murya a sake, wanda ba ya haɗiye harafi, ka zauna da shi a kulle awa guda kafin a fara ya karanta duka da ƙarfi, musamman sunayen waje da lambobi. Ya karanta kowace tambaya sau biyu, agogo ya fara bayan ta biyun. Ka roƙe shi abu biyu. Kada ya yi wa wanda ya faɗi dariya ko ba'a, ko da wasa. Sannan bayan kowace amsa ya ƙara jimla guda ta bayani, wadda ka riga ka rubuta masa a ƙasan takardar. In amsar Wurno ce, ya ce Muhammadu Bello ya mayar da ita ribaɗi, can ya rasu a 1837. Daƙiƙa biyar ce, amma ita ce rabon 'yan kallo.

Mataki na bakwai: ranar gasa

Je da wuri. Gwada lasifika, ka tanadi janareta ko batir, ka tabbatar na bayan zaure yana jin na gaba. Teburan masu fafatawa su fuskanci alƙalai, su ba 'yan kallo gefe, domin satar amsa da ido da leɓe ake yin ta. Malaman da suka rako ƙungiyoyi su zauna a baya can. Jawabai a taƙaita, babban baƙo ya yi nasa a ƙarshe wajen ba da kyauta.

A tsakiya, bayan fanni na uku, ina son a ba 'yan kallo nasu rabon da kacici-kacicin gargajiya. Mai tambaya ya ce "Ƙulun ƙulufit", zaure ya amsa, sai ya jefa: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. In an kasa a ba shi gari kamar yadda aka saba a dandali, kafin ya ce tsintsiya. Na ga wata tsohuwa da ta rako jikarta ta cinye wannan zagayen kaf, aka ba ta sabulu sanda biyu, ta karɓa tana rufe baki da gefen mayafi. Masu fafatawa sun samu sun sha ruwa, alƙalai sun daidaita lissafi.

In an yi kunnen doki a ƙarshe, kada ka yi ta jefa tambaya har dare. Yi amfani da tambayar lamba: kowace ƙungiya ta rubuta amsa a takarda, wadda ta fi kusa ta ci. Nisan wata daga duniya, wajen kilomita 384,000, ko tsawon kogin Kwara, wajen kilomita 4,180, sun dace da wannan, domin da wuya a ce biyu sun rubuta lamba ɗaya.

Kyauta kuma ba sai ta yi tsada ba. Littafi da ƙamus da taswira sun fi kofin roba amfani, kuma kowane ɗan takara ya tafi da wani abu a hannu, ko da takardar shaida ce da biro.

Mataki na takwas: kashegari

Tun abin bai huce ba, ka zauna da littafinka da takardar maki. Yi wa kowace tambaya alama: wadda aka amsa nan take, wadda aka kasa, wadda ta jawo ƙorafi da abin da alƙalai suka yanke. In fanni guda kowa ya faɗi a cikinsa, ko dai ka tsananta, ko kuma akwai giɓi a abin da ake koyarwa, sai ka gaya wa malaman. Waɗanda aka yi amfani da su ka buga su tare da amsoshi da jimlar bayanin nan ka raba wa ƙungiyoyin su tafi da su, kada ka sake sa su a gasa sai bayan shekara uku. Na ajiyar da ba a buɗe ba su koma ambulan, ka rubuta kwanan wata a bayansa, domin baɗi kafin ka yi amfani da su sai ka sake bin su da tuhumar farko.